Shin matsin tattalin arziki zai sake jefa Turai cikin yaƙi?

Tambaya: Malam, kullum muna jin labarin tsadar rayuwa a Turai, masana'antu suna sallamar ma'aikata, gwamnatoci suna faɗuwa, ga shi kuma kowa sai sayen makamai yake yi. An ce haka aka yi kafin Hitler ya hau mulki. Anya ba wani babban yaƙin ne ke tafe ba?

Amsa: Malam, ya danganta da yaƙin da kake nufi. In kana nufin Jamus ta sake auka wa Faransa, ko Ingila ta sake jefa bama-bamai a biranen Jamus kamar yadda kakanninsu suka yi, to ka kwantar da hankalinka, babu alamar haka ko kusa. In kuma kana nufin arangama tsakanin Rasha da ƙasashen ƙungiyar tsaro ta NATO, wannan kam yana iya faruwa. A ganina bai kai a ce ya zama dole ba, amma ya wuce a yi masa dariya. Kada kuma mu manta cewa yaƙi ya riga ya shigo Turai. Tun ranar 24 ga Fabrairun 2022 da Rasha ta kutsa cikin Yukren ake gwabza faɗan da nahiyar ba ta ga irinsa ba tun 1945, kuma tushensa ya koma 2014, lokacin da Rasha ta mamaye yankin Kirimiya.

Zancen Hitler da ka kawo yana da gaskiya, sai dai mutane kan tsallake tsakiyar labarin. A zaɓen 1928 jam'iyyarsa ta 'yan Nazi kashi 2.6 cikin ɗari kacal ta samu, ba wanda ya ɗauke ta a bakin komai. Da kasuwar hannun jari ta Amurka ta durƙushe a 1929, bankunan Amurka suka janye basussukan da Jamus ke rayuwa a kansu. Shugaban gwamnati na lokacin, Heinrich Brüning, ya zaɓi tsuke bakin aljihu: ya rage albashi, ya rage tallafin marasa aikin yi, ya ƙara haraji. Kafin 1932 mutum kusan miliyan 6 ba su da aiki. A zaɓen 1930 'yan Nazi suka samu kashi 18, a na Yulin 1932 suka haye kashi 37, a Janairun 1933 aka naɗa Hitler. Amma yaƙin bai ɓarke ba sai 1939, shekara shida bayan haka, lokacin da rashin aikin yi ya kusa ƙarewa a Jamus saboda masana'antun ƙera makamai sun kwashe mutane. Yunwa ba ita ta harba bindiga ba. Abin da ta yi shi ne ta miƙa mulki ga mutumin da dama can yaƙi yake nema. Irin wannan masifar ta afka wa Amurka a daidai lokacin, kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aikata suna zaune, amma su Franklin Roosevelt, ɗan dimokuraɗiyya, suka zaɓa.

Yaƙin duniya na farko ma ya ƙaryata masu cewa sai an talauce ake yaƙi. A 1914 Turai tana cikin wadatar da ba ta taɓa gani ba, Ingila da Jamus suna cikin manyan abokan cinikin juna, sarakunansu ma jikokin mace ɗaya ne. Bai hana ba. A ɗaya gefen kuma ga Girka: bayan rikicin kuɗi na 2008 arzikinta ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, rashin aikin yi ya kai kashi 27 a 2013, har jam'iyyar da ke koyi da 'yan Nazi ta shiga majalisa a 2012. An yi zanga-zanga, an ƙona gine-gine a Atina, an zagi Jamus son rai saboda ana zarginta da tilasta musu tsuke bakin aljihu. Ko harsashi ɗaya bai tsallaka iyaka ba.

Misalin da na fi ba ɗalibai shi ne Yugoslabiya, domin nan ne aka ga yadda abin ke aiki a zamanin da ba shi da nisa. Bayan rasuwar shugabanta Tito a 1980 ƙasar tana da bashin waje na kusan dala biliyan 20. Aka shiga tsuke bakin aljihu, farashi ya riƙa tashi har ya wuce kashi 1,000 cikin ɗari a 1989. Yankunan da ke da ɗan hali, Slobeniya da Kuroshiya, suka ce sun gaji da ciyar da na kudu. 'Yan siyasa irin su shugaban yankin Sabiya Slobodan Milosevic suka gane cewa ba su da maganin talaucin, amma suna iya nuna wa kowace ƙabila wanda za ta zarga. A 1991 aka fara harbe-harbe. A Bosniya kaɗai mutum kusan 100,000 suka mutu tsakanin 1992 da 1995, ciki har da maza da yara Musulmi kusan 8,000 da aka kashe a Srebrenica cikin 'yan kwanaki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Talauci shi ke tsaga bangon, amma sai da ƙadangaren a kusa, wato tsohuwar gaba a kan iyaka ko ƙabila, da shugaban da ya ga riba a cikinta.

To yaya girman matsin da Turai ke ciki? Akwai shi, amma kada a kwatanta shi da 1932. Kafin 2022 kusan kashi 40 cikin ɗari na iskar gas da Tarayyar Turai ke shigowa da ita daga Rasha take zuwa, ita kuwa Jamus fiye da rabi. Masana'antun Jamus na sinadarai da ƙarfe da gilashi a kan wannan gas mai araha aka gina su. Da Rasha ta toshe bututu, sannan aka fasa bututun Nord Stream a ƙarƙashin teku a Satumbar 2022, farashi ya yi tashin gwauron zabi. Hauhawar farashi a ƙasashen da ke amfani da yuro ta kai kashi 10.6 a Oktoban shekarar, a Ingila ta haura kashi 11. A hunturun nan gwamnatin Jamus ta kafa doka cewa kada a ɗumama ofisoshin gwamnati fiye da digiri 19, a kuma kashe fitilun da ke haska gine-ginen tarihi da dare. Ma'aikata suka riƙa zama a ofis da rigunan sanyi. Amma ka lura da ɗaya gefen: ƙasar da aka sani da jan ƙafa wajen ba da izinin gini ta kammala tashar karɓar gas daga jiragen ruwa a Wilhelmshaven cikin ƙasa da shekara guda. An sha wuya, ba a durƙushe ba.

Ciwon da ya rage mai cin jiki a hankali ne. Arzikin Jamus ya ragu a 2023, ya sake raguwa a 2024. Kamfanin Volkswagen ya amince a ƙarshen 2024 zai rage guraben aiki 35,000 a Jamus kafin 2030, saboda motocin lantarki na Sin sun kama masa kasuwa. Bashin Faransa ya haura kashi 110 cikin ɗari na abin da ƙasar ke samarwa a shekara, na Italiya ya kai kusan 135. Ga tsufa: rabin mutanen Tarayyar Turai sun haura shekara 44, masu karɓar fansho suna ƙaruwa, masu biyan haraji suna raguwa. Wannan na ƙarshe yana da fuska biyu. Yana cinye baitulmali, amma kuma al'ummar da ta tsufa, wadda gida ɗaya bai fi ɗa ɗaya ko biyu ba, ba ta saurin miƙa 'ya'yanta ga filin daga. Jamus ta 1930 cike take da samari majiya ƙarfi marasa aiki da tsofaffin sojoji masu jin haushi. Ta yau ba haka take ba.

Ƙasashen yamma kuma an ɗaure su da juna da gangan. A 1951 Faransa da Jamus da wasu ƙasashe huɗu suka haɗa kwal da ƙarfensu ƙarƙashin hukuma ɗaya, don kada wani ya ƙera makami a ɓoye, kuma daga nan Tarayyar Turai ta samo asali. Yau kuɗinsu ɗaya, sojojinsu suna ƙarƙashin rundunar NATO ɗaya, jirgin sama ɗaya na Airbus ana ƙera sassansa a ƙasashe huɗu. Za su yi cacar baki a kan bashi da baƙin haure, za su iya ficewa kamar yadda Birtaniya ta yi, amma yaƙi a tsakaninsu ba shi da hanya.

Haɗarin yana gabas. A takarda Rasha ba sa'ar Turai ba ce: mutanenta kusan miliyan 145, na Tarayyar Turai kusan miliyan 450, girman tattalin arzikinta kuma bai wuce sa'ar na Italiya ba idan aka auna da dala. Bayan shekaru ana gwabzawa abin da ta riƙe a Yukren bai wuce kashi ɗaya cikin biyar ba. Wanda ya ce maka tankokin Rasha za su isa Barlin ko Faris, labari kawai yake ba ka. Abin da hafsoshin Turai ke tsoro ya fi wannan ƙanƙanta, ya kuma fi shi wayo.

Ka ɗauki garin Narva a Estoniya. Kogi ne kawai ya raba shi da garin Ivangorod na Rasha, tsofaffin ganuwoyi biyu suna kallon juna, gada ta haɗa su, kuma mafi yawan mutanen Narva harshen Rasha suke yi a gida. A Mayun 2024 masu gadin iyakar Rasha suka shigo kogin da tsakar dare suka kwashe alamomin kan ruwa fiye da 20 da Estoniya ta sa don nuna wa masunta iyaka. Ba a harbi kowa ba. Yanzu ka ƙaddara wata rana an wayi gari wasu mutane ɗauke da makamai, ba tambarin kowace ƙasa a kafaɗarsu, sun kama ofishin magajin garin suna cewa ana zaluntar 'yan'uwansu, kamar yadda aka yi a Kirimiya. Sashe na 5 na yarjejeniyar NATO ya ce hari a kan ɗaya hari ne a kan duka. Sau ɗaya tak aka taɓa amfani da shi, bayan harin 11 ga Satumban 2001 a Amurka. Tambayar da Mosko za ta so ta ji amsarta ita ce: shin ɗan Sifaniya ko ɗan Italiya zai yarda ɗansa ya mutu, har a yi kasadar makamin nukiliya, saboda garin da bai taɓa jin sunansa ba? In amsar ta zama a'a, NATO ta mutu ba tare da an ci ta da yaƙi ba. Haka zancen yake game da zirin Suwalki, ɗan tsiririn ƙasa mai kusan kilomita 65 tsakanin Belarus da yankin Kaliningrad na Rasha, wanda shi kaɗai ya haɗa ƙasashen Baltik uku, wato Estoniya da Latbiya da Lituweniya, da sauran ƙawayensu ta ƙasa.

Gwaje-gwajen sun riga sun fara. A ranar Kirsimeti ta 2024 aka tsinka wayar lantarki ta ƙarƙashin teku tsakanin Finland da Estoniya, Finland ta tsare jirgin dakon mai da ta zarga da jan anga a kanta. A Satumbar 2025 jirage marasa matuƙi kusan 20 suka shiga samaniyar Poland, jiragen NATO suka harbo wasu, kwanaki kaɗan bayan haka jiragen yaƙin Rasha uku suka yi minti 12 a samaniyar Estoniya. Rasha ta musanta cewa da gangan ne ko ma ta musanta faruwar abin gaba ɗaya. Irin wannan wasa da wuta shi ne ke iya kai wa ga yaƙin da babu wanda ya tsara, matuƙi ɗaya ya yi kuskure, kwamanda ɗaya ya yi saurin hannu.

Maƙwabtan Rasha ba su tsaya jira ba, sun san in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta sai ka shafa wa naka ruwa. Finland, mai iyakar kusan kilomita 1,340 da Rasha, ta shiga NATO a 2023, Suwidin ta bi a 2024 bayan kusan shekara 200 tana 'yar ba-ruwana. Poland tana kashe fiye da kashi 4 cikin ɗari na arzikinta a kan tsaro. Jamus ta ware yuro biliyan 100 kwana uku da fara yaƙin, a Maris na 2025 kuma ta gyara kundin tsarin mulkinta don ta iya cin bashi domin makamai. A taron birnin Hague na Yunin 2025 ƙasashen NATO suka amince za su kai kashi 5 cikin ɗari kafin 2035, alhali kashi 2 da suka yi alkawari a 2014 da yawansu sai da ƙyar suka cika. A garin Görlitz na Jamus, masana'antar da ta shafe fiye da shekara 170 tana ƙera taragan jirgin ƙasa an miƙa ta ga kamfanin da zai ƙera sassan tankokin yaƙi.

A nan ne tattalin arziki ya shigo da ƙarfinsa, kuma nan ne nake ganin ainihin amsar tambayarka. Kuɗin makaman nan daga wani wuri za su fito. Birtaniya ta fito fili a Fabrairun 2025 ta ce za ta rage tallafin da take ba ƙasashe masu tasowa daga kashi 0.5 zuwa 0.3 cikin ɗari na arzikinta don ta ƙara wa sojoji, kuma mu nan muna cikin waɗanda za su ji a jikinsu, a asibitoci da sansanonin 'yan gudun hijira. Wannan shi ne yanka mai sauƙi, domin wanda aka yanke wa ba ya zaɓe a can. Mai wuyar shi ne fansho da asibiti da makaranta na cikin gida. A Faransa ƙara shekarun ritaya daga 62 zuwa 64 kawai ya fitar da miliyoyin mutane kan titi a 2023. Gwamnatin Michel Barnier ta faɗi a Disambar 2024 a kan kasafin kuɗi, ta François Bayrou ta faɗi a Satumbar 2025 bayan ta nemi rage kashe kuɗi da yuro biliyan 44 har da soke ranakun hutu biyu, a daidai lokacin da Shugaba Macron ke sanar da ƙarin kuɗin soja. Sifaniya kuwa, da yake tana nesa da Rasha, ta ce ita kashi 5 ya fi ƙarfinta.

Mutumin da aka rufe masana'antarsu, aka kuma ce masa ya haƙura da fansho don a kare Estoniya, ina kake tsammani zai kai ƙuri'arsa? A zaɓen Fabrairun 2025 jam'iyyar AfD mai adawa da baƙin haure ta samu kusan kashi 21 ta zo ta biyu a Jamus, kuma tana neman a sassauta wa Rasha takunkumi a dawo da gas mai araha. Jam'iyyar Marine Le Pen ta zama ƙarfin da ba a iya tsallakewa a majalisar Faransa, ga zaɓen shugaban ƙasa na tafe a 2027. Bambancin waɗannan da 'yan Nazi yana da muhimmanci: ba su zo da taswirar ƙasashen da za su mamaye ba, abin da suke cewa shi ne kowa ya ji da gidansa. Saboda haka matsin tattalin arzikin wannan karon ba zai sa Turai ta kai hari ba. Abin da zai iya yi shi ne ya sa ta kasa haɗa kai, har wanda ke waje ya ga dama. Ƙara da Amurka, wadda ita ce ƙashin bayan NATO tun 1949. Donald Trump ya faɗa a bainar jama'a a 2024 cewa ba zai kare ƙasar da ba ta biyan kasonta ba, sannan ya ɗora wa kayan Turai harajin kashi 15 a 2025. Faransa da Birtaniya suna da makaman nukiliya, amma jimillarsu bai wuce 500 da 'yan kai ba, na Rasha sun haura 5,000.

Yankin Balkan ban manta da shi ba. Shugabannin Sabiyawan Bosniya sun daɗe suna barazanar ɓallewa, a arewacin Kosobo ma an yi musayar wuta a Satumbar 2023. Za a iya zubar da jini a can, amma ba ya da ƙarfin jan nahiyar gaba ɗaya.

Tattalin arzikin da ya fi ba ni tsoro ba na Turai ta yamma ba ne, na Rasha ne. Takunkumi bai karya ta ba kamar yadda aka yi hasashe, duk da an riƙe mata kadarorin babban banki na kusan dala biliyan 300, domin Indiya da Sin sun ci gaba da sayen manta. Arzikinta ya ma bunƙasa da kusan kashi 4 a 2023 da 2024. Sai dai bunƙasar ta yaƙi ce. Kusan kashi ɗaya cikin uku na kasafin kuɗin gwamnati yana tafiya ga soja, masana'antun makamai suna aiki ba dare ba rana, babban banki ya kai kuɗin ruwa kashi 21 a ƙarshen 2024 don ya danne farashi, kuma a 2025 bunƙasar ta ja baya sosai. Sojan da ke bakin daga yana karɓar fiye da ninki biyu na matsakaicin albashi, ban da kuɗin sa hannu da ya kai miliyoyin rubul, kuɗin Rasha, a wasu yankuna. A ƙauyukan da ba su taɓa ganin kuɗi ba, yaƙi ya zama sana'a mafi tsoka.

Ranar da aka tsagaita wuta a Yukren, Shugaba Putin zai fuskanci dubban ɗaruruwan mutane da suka saba da kisa da albashi mai kauri, waɗanda babu aikin farar hula da zai biya su haka, ga masana'antun da in suka tsaya garuruwa za su mutu. Hanya mafi sauƙi gare shi ita ce ya bar injin yana juyawa, ya ci gaba da tara makaman da ba a ƙona su a fagen daga. Shi ya sa ministan tsaron Jamus Boris Pistorius ya ce dole ƙasarsa ta zama a shirye kafin 2029, sakataren NATO Mark Rutte kuma ya ce a Yunin 2025 Rasha za ta iya kai wa ƙungiyar hari cikin shekara biyar. Na san hafsoshi da masu sayar da makamai suna da riba a cikin tsoratarwa, kuma ya kamata a rage wani abu daga maganarsu. Amma lissafin nasu yana da tushe: masana'antun Turai suna buƙatar shekaru kafin su cike rumbunan da suka zube a Yukren, Rasha kuwa nata suna kan aiki. Shekaru uku zuwa biyar da za su biyo bayan tsagaita wuta su ne nake ganin sun fi haɗari, musamman in suka zo daidai da gwamnati a Faris ko Barlin da ta hau mulki da alkawarin daina kashe kuɗi a kan tsaron wasu.